Kufai Mai Wakilai Biyu: Tarihin Mazaɓar Tsohon Sarum a Majalisar Ingila

A fahimtar mutanen wannan zamani, mazaɓa yanki ne da hukuma ta shata bisa yawan mutanen da ke zaune a cikinsa domin su zaɓi wanda zai yi magana da yawunsu a majalisar dokoki, kuma idan jama'a suka ƙaru ko suka ragu sai a sake duba iyakarta. Tsohon tsarin Ingila ya ginu ne a kan wata ƙa'ida dabam, domin a wurinsa wakilci haƙƙi ne da sarki ya ba wani gari ko wani lardi a matsayinsa na wuri, kuma haƙƙin yana nan manne da ƙasar ko da mazaunanta sun watse. Babu inda wannan ƙa'ida ta kai matuƙarta kamar a Tsohon Sarum, wani tudu da ke lardin Wiltshire a kudancin Ingila, kimanin kilomita uku arewa da birnin Salisbury, wanda ya fara aika wakilai biyu majalisa a shekarar 1295, ba a kuma karɓe kujerunsa dindindin ba sai a 1832, alhali tun ɗaruruwan shekaru kafin nan ya riga ya zama kufai.

Tudun ya daɗe da mutane, domin tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa aka kewaye shi da ganuwar ƙasa da gwalalo, daga baya Rumawa suka zauna a kusa da shi, sannan ya zama gari a zamanin sarakunan Sakson. Bayan da William na Normandy ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya gina sansani mai ƙarfi a tsakiyar tudun, kuma a can ne a 1086 ya tara manyan masu ƙasa na masarautarsa suka yi masa rantsuwar biyayya. A wannan zamani ne aka mayar da kujerar bishop, wato shugaban majami'un yankin, daga Sherborne zuwa Sarum, aka gina babbar majami'a wadda aka keɓe a 1092. Matsalar ita ce tudun ya yi wa dakarun sarki da malaman majami'a ƙunci, ga ƙarancin ruwa, ga iska mai ƙarfi, ga kuma rashin jituwa tsakanin ɓangarorin biyu, har malaman suka kai kukansu ga Fafaroma Honorius na Uku, wanda ya yarda su tashi. A 1220 Bishop Richard Poore ya aza harsashin sabuwar majami'a a kwarin kogin Avon, sabon gari ya tashi a kewayenta ya sami takardar 'yancinsa daga sarki a 1227, kasuwa da masu sana'a suka bi ruwa suka sauka kwari. An rushe tsohuwar majami'ar aka kwashe duwatsunta aka yi gini da su a sabon garin, sansanin ma ya lalace har Sarki Henry na Takwas ya ba da izinin kwashe kayansa a 1514, kuma lokacin da mai binciken kayan tarihi John Leland ya ziyarci wurin wajen 1540, ya tarar babu gida ko ɗaya mai mutane a kan tudun.

Ke nan garin ya riga ya kama hanyar mutuwa shekara saba'in da biyar kafin Sarki Edward na Ɗaya ya kira majalisar 1295, wadda ya umurci kowane lardi ya aiko da jarumawa biyu, kowane gari mai takardar 'yanci kuma ya aiko da mutum biyu daga cikin mazaunansa. Sabon Sarum, wato Salisbury, ya aika da nasa biyu, tsohon ma ya aika da nasa biyu, kuma bayan ɗan tsaiko ya ci gaba da aikawa a kai a kai tun daga ƙarni na 14. A wancan lokaci kujerar majalisa nauyi ce da garuruwa ke gudu, saboda sarki yana kiran majalisa ne galibi don ta amince masa da sabon haraji, sannan gari ne ke biyan wakilinsa sule biyu a kowace rana ta zaman majalisa, abin da ya sa wasu garuruwa suka roƙi sarki ya yafe musu aikawa. Garin da ba shi da kuɗin biya yakan yi farin ciki idan wani mai hali daga waje ya yarda ya wakilce shi ba tare da lada ba, kuma ta wannan ƙofa ce manyan masu ƙasa da lauyoyi da barorin fada suka fara shiga kujerun ƙananan garuruwa.

Da ikon majalisa ya ƙaru, musamman bayan rikicin ƙarni na 17 wanda ya ƙare da juyin 1688 ya kuma ɗora majalisa a kan haraji da kasafin kuɗin soja, sai abin da ake gudu ya zama abin nema. Mai kujera a Majalisar Wakilai yana iya nema wa ɗansa muƙami, ya kare kasuwancinsa, ya kuma yi ciniki da gwamnati a kan ƙuri'arsa. A daidai wannan lokaci ne taswirar mazaɓu ta daskare, domin bayan garin Newark da ya sami kujeru da takardar sarki a shekarun 1670, babu wani sarki da ya sake ƙirƙirar mazaɓa da ikon kansa, ita kuwa majalisa ba ta da sha'awar taɓa tsarin da ya haife ta. Sau ɗaya kawai aka aiwatar da gyara na gaske, a ƙarƙashin Oliver Cromwell, lokacin da tsarin mulkin 1653 ya soke kujerun garuruwa irin su Tsohon Sarum ya ba Manchester da Leeds wakilai, amma wannan gyara bai wuce 'yan shekaru ba, kuma da sarauta ta dawo a 1660 tsohuwar taswira ce ta tabbata. Sakamakon haka lardin Cornwall shi kaɗai, saboda yawan ƙananan garuruwansa masu takarda, yana da wakilai 44, alhali ƙasar Scotland baki ɗaya tana da 45 bayan haɗewarta da Ingila a 1707.

Sharaɗin jefa ƙuri'a ma ba ɗaya ba ne a ko'ina. A larduna, tun daga dokar 1430, ƙuri'a tana hannun duk wanda ya mallaki ƙasa mai kawo sule arba'in a shekara, amma a garuruwa kowanne da al'adarsa: a wani wuri masu biyan harajin gari ne ke zaɓe, a wani 'yan majalisar gari kaɗai, a wani kuma duk magidancin da ke da murhun kansa. Tsohon Sarum yana cikin rukunin garuruwan da ƙuri'arsu ke manne da wasu ƙayyadaddun filaye, wato wuraren da gidajen 'yan gari suka taɓa tsayawa a zamanin da, waɗanda masu su ke biyan sarki ko ubangidan gari haya ta musamman. Doka ba ta tambaya ko akwai gida a filin, ko mai filin yana kwana a garin, abin da take tambaya kawai shi ne wa ke riƙe da takardar mallaka a ranar zaɓe. Saboda haka duk wanda ya saye mafi yawan waɗannan filaye ya saye kujerun biyu, kuma yana iya barin su gado ko ya jinginar ko ya sayar kamar yadda ake yi da gonar gado. Irin wannan mazaɓa ce Turawa suka riƙa kira ruɓaɓɓen gari idan ana nufin mutuwar jama'arta, ko mazaɓar aljihu idan ana nufin cewa mutum ɗaya ne ke juya ta.

Wanda ya mayar da Tsohon Sarum kadarar iyali shi ne Thomas Pitt, ɗan kasuwa wanda ya tara dukiyarsa ta farko a Indiya ta hanyar fatauci a bayan idon Kamfanin Gabashin Indiya, wanda shi kaɗai ke da izinin wannan ciniki daga sarki. A ƙarshen ƙarni na 17 ya sayi ƙasar Stratford da ke gindin tudun tare da filayen ƙuri'ar, ya shiga majalisa, kuma kamfanin da ya gaza hana shi ciniki ya ƙare da naɗa shi gwamnan Madras daga 1698 zuwa 1709. A can ne ya sayi wani katafaren lu'ulu'u wanda ya sayar wa mai riƙon sarautar Faransa a 1717 a kan fam 135,000, dutsen da har yau yake ajiye a gidan tarihi na Louvre a Paris, kuma da wannan kuɗi ya ƙara sayen ƙasashe da tasiri a wasu mazaɓu. Fiye da shekara ɗari iyalin Pitt ne ke yanke shawarar wanda zai wakilci tudun.

Yadda ake gudanar da zaɓen kansa ya cancanci bayani, domin ana kiyaye kowace ƙa'ida ta doka ba tare da an tsallake ko ɗaya ba. Idan takardar sarki ta kiran zaɓe ta iso, mai mazaɓar yakan rubuta wa wasu amintattun abokai ko 'yan haya ko lauyoyinsa takardun mallakar filayen na ɗan lokaci, bisa fahimtar cewa za su mayar bayan zaɓe. Tun da babu ɗakin taro a garin, sai a kafa rumfa a ƙarƙashin wata babbar bishiya a cikin gona a gindin tudun, jami'in zaɓe ya karanta takardar sarki da dokar hana cin hanci, a ambaci sunayen 'yan takara biyu, masu zaɓen, waɗanda yawansu a ƙarshen zamanin bai wuce goma sha ɗaya ba, su furta zaɓinsu a bainar jama'a, domin a lokacin babu ƙuri'ar sirri. Daga nan a sa hannu a takardar sakamako a aika Landan. Karanta dokar hana cin hanci a irin wannan taro abin dariya ne, amma kuma a zahiri Tsohon Sarum na cikin mazaɓun da ba a raba kuɗi ko giya ga masu zaɓe, saboda cinikin an riga an gama shi tun ranar da aka sayi filin.

A 1735 iyalin suka ba jikan Thomas Pitt, wani matashin hafsan sojan doki mai suna William Pitt, ɗaya daga cikin kujerun, ya kuma riƙe ta har 1747. Wannan shi ne mutumin da ya jagoranci Birtaniya a Yaƙin Shekara Bakwai ya kuma zama Earl na Chatham, kuma sunansa ya zama babbar hujjar masu kare tsohon tsari. Hujjarsu ita ce irin waɗannan mazaɓu ne ke buɗe ƙofa ga haziƙan matasa waɗanda ba su da dukiyar yin takara a lardi, kuma suna iya ƙirga misalai: Charles James Fox ya shiga majalisa ta Midhurst yana da shekara goma sha tara, Edmund Burke ya shiga ta Wendover, ɗan Chatham ma, William Pitt ƙarami, ya shiga ta Appleby a 1781. Suna ƙarawa da cewa ɗan majalisa wakilin ƙasa ne baki ɗaya, ba na mazaɓarsa kaɗai ba, don haka masaƙin Manchester yana da wakilci a fakaice ko da bai jefa ƙuri'a ba, sannan masu dukiya a Indiya da tsibiran Karibiyan suna samun murya ta hanyar sayen kujeru. Hujjar farko tana da ƙamshin gaskiya, sai dai tana ƙirga haziƙai kaɗan tana mantawa da ɗaruruwan 'yan'uwa da surukai da 'yan amshin shata da suka bi ta wannan ƙofa, kuma ko haziƙin ma yana zaune ne muddin ubangidansa ya yarda da shi. Shi kansa Pitt babba, a muhawarar 1766 kan harajin da aka ɗora wa Amurkawa, ya bayyana irin waɗannan garuruwa a matsayin ruɓaɓɓen sashe na tsarin mulki wanda ba zai kai shekara ɗari nan gaba ba, kuma hasashensa ya cika cikin shekara 66.

Amurkawa ne suka fara watsi da batun wakilci a fakaice da gaske, kuma da suka rubuta tsarin mulkinsu a 1787 suka wajabta ƙidayar jama'a duk shekara goma domin raba kujerun majalisa. A Ingila kuwa masana'antun auduga da ƙarfe sun ja jama'a zuwa arewa da tsakiyar ƙasa, har Manchester da Birmingham da Leeds kowannensu ya haura mutum 100,000 zuwa 1831, ba tare da ɗayansu yana da wakilin kansa ba, sai dai masu ƙasa a cikinsu su jefa ƙuri'a a zaɓen lardi. Thomas Paine, a littafinsa kan haƙƙin ɗan Adam na 1791, ya jera Tsohon Sarum da Manchester gefe da gefe, kuma tun daga nan sunan tudun ya zama take a bakin masu neman gyara, tare da Gatton a Surrey da Dunwich wanda teku ta cinye mafi yawansa.

Yadda aka ɗauki kujera a matsayin dukiya ya fito fili a shirin gyaran da Pitt ƙarami ya kawo a 1785 yana firaminista, inda ya nemi a ware fam miliyan ɗaya a fanshi kujerun garuruwa 36 daga masu su da yardarsu, amma majalisa ta ƙi da ƙuri'a 248 a kan 174. Da aka haɗe majalisar Ireland da ta Birtaniya a 1801, an biya diyyar fam 15,000 a kan kowane garin da aka soke. A wannan shekara ce mai Tsohon Sarum na lokacin, Lord Camelford, wani jikan gidan Pitt da ya yi suna wajen rigima, ya ba John Horne Tooke kujera, mutumin da aka taɓa gurfanar da shi bisa zargin cin amanar ƙasa a 1794 saboda neman gyaran majalisa aka kuma sallame shi. Ta haka babban mai sukar ruɓaɓɓun garuruwa ya shiga majalisa ta mafi ruɓewarsu. Da yake Tooke ya taɓa karɓar naɗin limancin coci, abokan hamayyarsa suka kafa dokar da ta hana limaman coci zama a Majalisar Wakilai, aka bar shi ya ƙarasa wa'adinsa zuwa 1802, dokar kuwa ta zauna har 2001 kafin a soke ta. A 1802 aka sayar da mazaɓar ga Earl na Caledon a kan kuɗin da ya haura fam 40,000, farashin da amfanin gonakin wurin ba zai taɓa biya ba. Dukiyar gidan Caledon ita ma a Indiya aka tara ta, ke nan sau biyu kuɗin Indiya yana sayen tudun, kuma wakilansa na ƙarshe, James Alexander da Josias du Pré Alexander, 'yan'uwan Earl ɗin ne masu alaƙa da harkar Indiya.

Juyin juya halin Faransa da yaƙe-yaƙen Napoleon sun sa duk maganar gyara ta zama abin tuhuma na tsawon shekaru, kuma a ranar 16 ga Agusta 1819 sojan doki suka afka wa taron kimanin mutum 60,000 da suka fito neman wakilci a Manchester, suka kashe mutum goma sha wani abu, suka raunata ɗaruruwa. Al'amarin ya juya a Nuwamba 1830, lokacin da firaminista Duke na Wellington ya shaida wa majalisa cewa tsarin da ake da shi ba ya buƙatar wani gyara, gwamnatinsa ta faɗi cikin makonni biyu, Earl Grey na jam'iyyar Whig ya karɓi mulki. A ranar 1 ga Maris 1831 Lord John Russell ya gabatar da ƙudurin gyara, wanda ya tsallake karatu na biyu da ƙuri'a 302 a kan 301, sannan ya ci karo da cikas, aka rushe majalisa aka yi sabon zaɓe wanda masu gyara suka lashe. A watan Oktoba Majalisar Iyayen Ƙasa, wadda 'yan cikinta ke zama bisa gadon sarauta ko muƙamin coci kuma da yawansu su ne masu mazaɓun aljihu, ta yi fatali da ƙuduri na biyu, tarzoma ta ɓarke a Derby da Nottingham da Bristol. Sai da Sarki William na Huɗu ya yi alkawarin naɗa sababbin iyayen ƙasa da za su rinjayi masu adawa kafin su janye, ƙuduri na uku ya zama doka a ranar 7 ga Yuni 1832.

Dokar ta soke kujerun garuruwa 56 gaba ɗaya, ta rage wa wasu 30 kujera ɗai-ɗai, aka raba kujeru 143 ga manyan birane da larduna da Scotland da Ireland. An tsara jerin garuruwan da za a soke ne bisa lissafin yawan gidaje da harajin da suke biya, wanda wani injiniyan soja mai suna Thomas Drummond ya yi, kuma Tsohon Sarum ne ya zo na farko a jerin. Abin da ya fi muhimmanci, wanda ya bambanta 1832 da shirin 1785 da kuma abin da aka yi a Ireland, shi ne ba a biya masu mazaɓun ko kwabo ba, duk da cewa wasunsu sun sayi kujerun da kuɗi tsaba a cinikin da kowa ya sani. Masu adawa sun kira wannan ƙwace, suka yi gargaɗin cewa idan aka karɓe wannan dukiya babu diyya to sauran dukiyoyi ma ba su tsira ba, gwamnati kuwa ta tsaya a kan cewa kujerar majalisa amana ce da aka riƙe domin jama'a, wadda majalisa ke da ikon ɗauke ta idan dalilinta ya gushe.

Gyaran bai kawo mulkin jama'a ba, domin a garuruwa ƙuri'a ta koma ga magidancin da ke zaune a gidan da hayarsa ta kai fam goma a shekara, abin da ya ba kimanin ɗaya cikin biyar na baligan maza a Ingila da Wales dama, kuma a karon farko doka ta ambaci maza ƙarara. Ƙuri'ar sirri ba ta zo ba sai 1872, raba ƙasa zuwa mazaɓu masu wakili ɗai-ɗai da yawan jama'a kusan daidai ya jira dokar 1885, hukumomin dindindin masu sake shata iyakoki kuwa sai 1944. Wannan tsari na ƙarshe shi ne Birtaniya ta kai ƙasashen da ta mallaka, kuma da shi Nijeriya ta yi zaɓen tarayya na 1959 a mazaɓu 312, waɗanda 174 daga cikinsu suna Jihar Arewa saboda yawan jama'arta, abin da ya sa ƙidaya ta zama fagen rikicin siyasa a shekarun da suka biyo baya.

Shi kuwa tudun kansa, tare da ƙauyen Stratford da ke gindinsa, an shigar da shi cikin faɗaɗɗiyar mazaɓar Wilton, wani ƙaramin gari maƙwabci wanda dokar 1832 ta rage masa kujera ɗaya ta bar masa ɗaya. Wilton tana ƙarƙashin tasirin gidan Herbert, masu sarautar Earl na Pembroke, waɗanda babban gidansu ke bakin garin kuma mafi yawan ƙasar yankin tasu ce, saboda haka masu ƙuri'ar da ke zaune a kewayen tudun suka ci gaba da zaɓen wanda wannan gida ya yarda da shi har 1885, lokacin da aka soke Wilton a matsayin gari mai kujerar kansa aka mayar da yankin sashe na lardin Wiltshire.